Shin majalisa za ta iya tilasta wa gwamnati yin aikin da aka sa a kasafi?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Shekara uku ke nan ana sa gyaran asibitin garinmu a kasafin kuɗin jiha, amma ko bulo ɗaya ba a ɗora ba. Mun je wurin ɗan majalisarmu, ya ce shi ba ya ba da kwangila, aikin gwamna ne. Gaskiya ya faɗa ko zillewa yake yi? Wane iko majalisa take da shi a kan gwamnati?"

Malam, ɗan majalisarku ya faɗi rabin gaskiya ya riƙe rabi. Ba ya ba da kwangila, haka ne, bai ma kamata ya bayar ba. Amma kuɗin da za a yi kwangilar da su ba sa fita daga baitulmalin jiha sai da izinin majalisar da yake zaune a ciki, kamar yadda sashe na 120 da na 121 na kundin tsarin mulkin 1999 suka tanada. Wanda ya ba da izinin kashe kuɗi kuwa, an ɗora masa bin sawunsu har inda suka tsaya. Abin da ya kamata ku ji daga bakinsa shi ne nawa aka ware, nawa aka saki, wa aka bai wa aikin, kuma yaushe kwamitin lafiya na majalisa ya je ya gani da idonsa. In bai sani ba, yana da hanyar da zai sani wadda ku ba ku da ita.

Akwai abin da ke rikita mutane game da tsarin da Najeriya take bi. Daga samun 'yancin kai a 1960 zuwa ƙarshen Jamhuriya ta Farko a 1966, ministoci 'yan majalisa ne. Sardauna da ministocinsa a zauren majalisar Arewa da ke Kaduna suke zama, a yi musu tambaya su miƙe su amsa, kuma gwamnatin da ta rasa rinjaye a zaure faɗuwa take yi. Haka Ingila take har yau. A Nijar ma, a ƙarƙashin tsarin da take bi a lokacin, ranar 31 ga Mayun 2007 majalisar dokoki ta kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna ga gwamnatin Firaminista Hama Amadou kan badaƙalar kuɗin ilimi, gwamnatin ta rushe. Tun 1979 Najeriya ta koma tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka. Gwamna yana da zaɓensa, ɗan majalisa yana da nasa, kwamishina ba ɗan majalisa ba ne. Saboda haka majalisa ba ta iya korar kwamishina da ƙuri'a, ba ta kuma iya rushe gwamnati don ta gaza gyara asibiti. Ƙarfinta yana wani wurin daban, kuma sai an san wurin ake cin moriyarsa.

Ku fara riƙe wannan: dokar kasafi izini ce ta kashe kuɗi, iyakarta ta ce "kana iya kashe naira kaza a kan abu kaza, kada ka wuce, kada ka karkatar". A aikace ba ta sa kuɗin su fito da kansu. Bayan gwamna ya sa hannu, ma'aikatar lafiya ko hukumar kula da lafiya a matakin farko za ta rubuta takardar neman a saki kuɗi, gwamna ko majalisar zartarwa su amince, a yi tallan kwangila, a ba da ita, sannan ofishin Akanta Janar ya biya. A kowane ɗaya daga waɗannan matakai aiki yana iya mutuwa. Kasafi kuma hasashe ne na kuɗin da ake sa ran samu. In jiha ta ce za ta tara biliyan ɗari ta tara sittin, albashi da biyan bashi ake fara cirewa, abin da ya rage gwamna ne ke zaɓar ayyukan da za su samu. Asibitin ƙauye da ba shi da mai magana a kansa shi ake fara tsallakewa, a sake kwafo layinsa cikin kasafin baɗi. Abin da ya sa kuke ganinsa shekara uku a jere ke nan.

To a ina naku ya maƙale? Takarda biyu za su gaya muku. Ta farko ita ce kasafin da aka amince da shi, wanda mafi yawan jihohi yanzu suke sawa a shafin intanet na ma'aikatar kasafi. Ku nemi ɓangaren manyan ayyuka, ku gangara zuwa ma'aikatar lafiya da hukumar lafiya a matakin farko. Kowane aiki yana da layinsa: sunan aikin, lambar ma'aikata, lambar ƙaramar hukuma, da adadin kuɗi. Ku kula da yadda aka rubuta shi. Idan an ce "gyaran asibitin gari kaza, naira miliyan kaza", kuna da abin kamawa. Idan kuwa an dunƙule an ce "gyaran ƙananan asibitoci a faɗin jiha", to ba a yi wa garinku alkawarin komai a doka ba, kuma aikin farko na ɗan majalisarku shi ne ya sa a fito da sunan garin a fili. Takarda ta biyu ita ce rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku. A cikinsa za ku ga abin da aka ware, a gefensa abin da aka kashe zuwa lokacin, sai kaso cikin ɗari. In kun ga sifili, ba a saki kuɗi ba, masu amsa tambaya su ne kwamishinan kasafi da na kuɗi. In kun ga an kashe miliyoyi alhali rufin asibitin yana nan yana yoyo, magana ta canza. An biya kuɗin kafin alƙalami ɗan kwangila ya ɓace, ko wani injiniya ya sa hannu a takardar shaidar aikin da ba a yi ba. Wannan ya zama abin bincike, har ya kai ga hukumar ICPC ko EFCC ko hukumar yaƙi da cin hanci ta jiha inda ake da ita.

Yanzu ga kayan aikin majalisa. Sashe na 108 ya ce kwamishina zai halarci majalisar jiha in an gayyace shi, ya yi bayanin yadda ma'aikatarsa take tafiya. Sashe na 67 ya ce haka game da minista a Majalisar Tarayya. Sashe na 128 ya ba majalisar jiha ikon binciken duk wani mutum ko ma'aikata ko hukuma da ke aiwatar da dokokinta ko kashe kuɗin da ta ware, don gyara doka, da kuma tona almundahana, rashin iya aiki ko ɓarnar dukiya. Sashe na 129 ya ba ta ikon kiran shaida, da neman takardu, da rantsar da mai ba da bayani, da fitar da sammacin kamo wanda aka kira ya ƙi zuwa ba da uzuri ba. A tarayya sashe na 88 da na 89 ne suke wannan aiki. Akwai wani sharaɗi da 'yan majalisa kan yi sakaci da shi: binciken sai da matsayar zaure da aka buga a mujallar majalisa ko jaridar gwamnati. Shugaban kwamiti ba ya tashi kawai ya ce ya buɗe bincike. Lauyan wanda ake bincika nan yake fara dubawa, in ya ga giɓi ya garzaya kotu, shi ke nan an tsayar da komai.

A takarda wannan iko babba ne. A aikace yana da rauni iri biyu, kuma gara ku san su tun da wuri don kada ku ɗora buri a inda ba zai tsaya ba.

Majalisa ba kotu ba ce. Tana tonawa, ba ta ɗaurewa. Abin da take fitarwa bayan bincike ko muhawara matsaya ce, matsaya kuwa shawara ce ga ɓangaren zartarwa, ba doka ba. Duk ranar da kuka ji a rediyo an ce "majalisa ta umarci gwamnati ta gaggauta gyara hanya kaza", ku sani gwamna yana iya ajiye takardar bai karya wata doka ba. Sannan sammacin kamu da shugaban majalisa zai sa wa hannu, galibi 'yan sanda ne masu zartar da shi, su kuma a ƙarƙashin ɓangaren zartarwa suke. A 2018 Majalisar Dattawa ta kira Sufeto Janar na 'yan sanda Ibrahim Idris sau uku bai je da kansa ba. Iyakar abin da ta yi shi ne ta ayyana cewa bai cancanci riƙe muƙami ba, ya ci gaba da aikinsa har ya yi ritaya. A Disambar 2020, bayan kisan manoman shinkafa a Zabarmari, Majalisar Wakilai ta gayyaci Shugaba Buhari, aka sa rana, daga baya Ministan Shari'a Abubakar Malami ya ce majalisa ba ta da hurumin kiran shugaban ƙasa a kan wannan, bai kuwa je ba. Ibrahim Magu sau biyu Majalisar Dattawa tana ƙin tabbatar da shi a shugabancin EFCC, a Disambar 2016 da Maris ɗin 2017, amma ya ci gaba da riƙon ƙwarya har 2020. Barazanar sammaci takan yi aiki wani lokaci: a Janairun 2023, ana tsakiyar wahalar canjin takardun naira, gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya bayyana gaban kwamitin Alhassan Ado Doguwa bayan Kakaki Femi Gbajabiamila ya ce zai yi amfani da sashe na 89. Ya zo ya yi bayani, amma wahalar ba ta sauka ba sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a watan Maris.

Inda majalisa take da haƙori shi ne wurin da doka ta ce gwamnati ba ta motsi sai an ba ta izini tun kafin ta yi. Kasafi, ƙwarya-ƙwaryar kasafi, cin bashi, tabbatar da kwamishinoni da ministoci, duk a nan suke. Ku dubi abin da ya faru a Agustan 2023, lokacin da ECOWAS take maganar tura soja Nijar bayan juyin mulki. Sashe na 5 ya hana tura sojan Najeriya yaƙi a wajen ƙasa sai da amincewar Majalisar Dattawa. Sanatocin Arewa suka fito suka ce ba su yarda ba, majalisar ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu, kuma maganar ta yi nauyi saboda kowa ya san ƙofar a hannunta take. Ga wani misali da ya shafi irin asibitinku kai tsaye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin babban asusun tarayya ga lafiya a matakin farko. Shekaru suka wuce ba a sa ko sisi ba, sai a kasafin 2018 Majalisar Tarayya ta shigar da kimanin naira biliyan 55 da kanta. Daga wannan kaso na lafiya ne ƙananan asibitocin da aka zaɓa suke samun kuɗin magani da ƙananan gyare-gyare a asusunsu. Yana da kyau ku tambayi shugaban asibitinku ko yana cikin waɗanda ke karɓa.

Akasin haka kuma ya faru, ya kamata a faɗa. Dokar Babban Banki ta 2007 ta taƙaita rancen da bankin zai bai wa gwamnatin tarayya zuwa kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Aka yi ta ci ana wuce iyaka shekara da shekaru a gaban idon kwamitoci, har ya kai naira tiriliyan 22.7. A Mayun 2023 majalisa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40. Ihu bayan hari ke nan, kuma 'yan ƙasa ne suke biya ta hanyar tsadar kaya.

Don haka lokacin da ya fi muku amfani a shekara shi ne na kare kasafi, galibi tsakanin Oktoba da Disamba, bayan gwamna ya gabatar da kasafin shekara mai zuwa. A makonnin nan kwamishina da babban sakatare da daraktoci suke zuwa ɗakin kwamiti da manyan fayil-fayil, suna neman a amince musu da kuɗin baɗi. Su ne mabuƙata a ranar. Kwamitin da ya san aikinsa ba ya buɗe shafin baɗi sai an gama da na bana: ga layin asibiti kaza, me ya sa aka saki sifili? Ga motocin ofis an saki kuɗinsu cif, da wane ma'auni aka fifita su? Kwamiti yana iya cewa ba zai miƙa rahoton ma'aikatar ga kwamitin kasafi ba sai an kawo jadawalin sakin kuɗi a rubuce. Yana iya rage kuɗin tafiye-tafiye da taruka ya mayar kan aikin. Yana iya neman a sa sharaɗi a cikin dokar kasafin kanta cewa ba a karkatar da kuɗin wani aiki zuwa wani sai an dawo majalisa. Kwamishinan da zai yi biris da wasiƙar gayyata a watan Yuni, da wuya ya yi haka a watan Nuwamba.

Akwai kuma ofishin da mutane ba su cika sani ba, alhali rahotonsa ya fi kowane jawabi amfani: Babban Mai Binciken Kuɗi na Jiha, wato Odita Janar. Sashe na 125 ya ce cikin kwana 90 da karɓar bayanan kuɗi daga Akanta Janar zai miƙa rahotonsa ga majalisa, majalisa kuma ta miƙa wa kwamitinta na asusun gwamnati. A ciki ake samun abubuwa dalla-dalla: baucan biya da ba takardun shaida, kuɗin da aka bai wa jami'i bai kawo rasit ba, kwangilar da aka biya ba a kammala ba. A Majalisar Tarayya ɗan adawa ne ke shugabantar wannan kwamiti bisa al'ada, don kada jam'iyya ta binciki kanta. Matsalar da ake fama da ita jinkiri ne. Rahoto yakan iso bayan shekara biyu ko fiye, jami'in ya yi ritaya, kwamishinan ya sauka, kwamitin kuma bai zauna a kansa ba. Ku tambayi ɗan majalisarku rahoton wace shekara kwamitin ya kammala na ƙarshe. Amsar za ta nuna muku ko majalisar jiharku tana aiki.

Tsigewar gwamna ba maganin asibiti ba ce, amma tunda kullum ana tambaya, ga yadda take a sashe na 188. Kashi ɗaya cikin uku na mambobi su sa hannu a takardar zargin babban laifi. Kashi biyu cikin uku su amince a bincika. Babban Jojin jiha ya naɗa mutum bakwai, su kawo rahoto cikin wata uku, sannan kashi biyu cikin uku su sake amincewa. A majalisa mai mutum 40 kamar ta Kano, mutum 27 ke nan. An tsige Balarabe Musa a Kaduna a Yunin 1981 bayan majalisar da jam'iyyar NPN ta mamaye ta yi ta ƙin amincewa da kwamishinoninsa. A 2006 mutum 18 cikin 32 suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja na Oyo bayan zama a wani otal, Kotun Ƙoli ta rushe tsigewar ta mayar da shi. Mafi yawan tsigewar da aka gani rikicin manya ne ya haife su, ba ruwan famfo ko maganin asibiti ba.

Me ya sa majalisun jihohi suka fi ta tarayya sanyi har ake ce musu 'yan amshin shata? Gwamna ne yake riƙe da jam'iyya a jiha, tikitin komawa majalisa yana hannunsa, sau da yawa shi yake nuna wanda zai zama kakaki. Kuɗin gudanar da majalisar ma shekaru da yawa sai an je gidan gwamnati an roƙa. An gyara tsarin mulki a 2018 don majalisun jihohi su riƙa karɓar kuɗinsu kai tsaye, Buhari ya fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 a 2020 don tilasta hakan, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a 2022, aka sake gyara a 2023. Wani abin da ke karya sa ido shi ne kwamiti ya tafi duba aiki a motar ma'aikatar da zai bincika, ta ciyar da shi, ta ba shi kuɗin hanya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka ɗan majalisar da kamfaninsa ke da kwangila a ma'aikata ba zai ɗaga wa kwamishinanta murya ba. Darasin binciken tallafin mai na 2012 yana nan: kwamitin Majalisar Wakilai ya tona yadda kuɗin da aka ware naira biliyan 245 ya haura tiriliyan 2, amma da maganar cin hancin da ta kai shugabansa Farouk Lawan kurkuku ta fito, rahoton ya rasa ƙarfinsa.

Abin da zan ba ku shawara ku yi shi ne ku daina zuwa gidan ɗan majalisa da baki kawai. Ku rubuta takardar koke zuwa ga kakakin majalisa ta hannun ɗan majalisarku, domin a ƙa'idar majalisa mamba ne yake gabatar da koke a zaure kafin a miƙa wa kwamitin ƙorafe-ƙorafe. Shafi ɗaya ko biyu ya isa. Ku sa sunan aikin da lambarsa da adadin kuɗinsa na kowace shekara cikin ukun, ku haɗa hoton shafin kasafin da na rahoton wata uku, da hotunan asibitin masu kwanan wata. Ku rubuta abin da ido ya gani: ɗakin haihuwa ba silin, rijiyar burtsatse ta lalace, firijin riga-kafi ba ya aiki, mai naƙuda sai an kai ta kilomita kaza a babur. Kada ku kira kowa ɓarawo, zagi yana sa a yi watsi da koke. Ku ƙare da buƙata ƙwarara: a gayyaci kwamishina ya faɗi nawa aka saki da wanda aka biya, kwamiti ya ziyarci wurin, a ba ku amsa a rubuce. Dagaci ko mai unguwa, limami, shugaban kwamitin raya mazaɓa da shugabar mata su sa hannu da lambar wayarsu. Ku kai kwafi ofishin akawun majalisa, a buga muku hatimin karɓa mai kwanan wata a kan naku kwafin, ku kai wani ga shugaban kwamitin lafiya. In ɗan majalisarku ya danne takardar, kowane mamba yana iya gabatar da ita, har na adawa.

A rana guda ku aika wa ma'aikatar wasiƙa ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuna neman takardar ba da kwangila, sunan kamfani, ƙiyasin kayan aiki da abin da aka biya. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce kaɗai, sai a 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafe su. Ku dai kula da abu ɗaya: kada ku shigar da ƙara kotu a kan aikin kafin majalisa ta saurare ku, domin ƙa'idarta ta hana ta tattauna maganar da ke gaban alƙali. Ku sa koken ya isa a watan Satumba ko farkon Oktoba, yadda zai kasance a kan teburin kwamiti ranar da kwamishinan lafiya zai zo kare kasafinsa, kuma ku nemi a bar wakilanku biyu ko uku su zauna a ɗakin a ranar.